Sanin makamar aiki a ƙungiyar tallafa wa marayu: in karɓa?

Ƙanwata, kin ce wata ƙungiya mai tara kuɗi don marayu da yara marasa galihu ta kira ki aikin sanin makama a ƙauyukan Ringim da ke jihar Jigawa, ba albashi, kina tambaya ko ki karɓa. Ni dai na ce ki karɓa, amma ki fara bincike.

Ki nemi ganin takardar rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da ta SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan kuɗin ƙungiyoyi. Gudummawa a asusun ƙungiya take shiga ko na wani mutum? In na mutum ne, ki haƙura da su.

Yawancin aikin rubutu ne: sunayen yara, rasit, rahoto ga masu bayarwa, musamman da azumi lokacin kayan sallar marayu. Kafin ki shiga gida ko ɗaya, ku gaida mai gari, shi zai haɗa ku da masu unguwanni da liman, su suka san gidan da ake kwana da yunwa.

Abin da ya fi damuna shi ne hoto. Kuɗi sun fi shigowa in an nuna yaro cikin tsumma, za a kuma matsa miki. Kada ki ɗauki yaro sai da yardar mai riƙonsa, kada ki sa sunansa da ƙauyensu a Facebook. Zai girma ya gani. Jigawa tana da dokar kare yara tun 2021, ki karanta ta.

Kuɗin mota kuwa, ku yi magana a rubuce tun yanzu.