Amsa ga 'yar'uwar da mijinta ba ya duka, sai zagi

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Kin ce maigidanki bai taɓa ɗaga miki hannu ba, cefane ba ya yankewa, amma kullum zagi da gori a gaban yara, har ba kya iya barci, in kin kai kuka gida Umma ta ce ki yi haƙuri tunda ba duka ba ne. Kina tambaya ko wannan cutarwa ce ko ke ce mai mita. Wallahi cutarwa ce.

Na ga irinsa da idona a gidan yayata a Tudun Wada. Mace ce mai fara'a, da can in ana biki ita ke riƙe da hira. Mijinta ba ya kiran sunanta, sai "ke jaka", "'yar matsiyata", ko "da ban taimaka na ɗauko ki ba wa zai kwashe ki?" Da ta ji ƙarar mashin ɗinsa a ƙofar gida sai ta kashe rediyo, ta koma ta sake ɗanɗana miya, hannunta na rawa. Barci ya ƙaurace mata, ga faɗuwar gaba, ta daina shiga mutane don ta yarda har zuciyarta cewa ita ba a bakin komai take ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da ɗanta na fari, ko firamare bai gama ba, ya ce mata "ke ba ki da hankali", da muryar ubansa sak.

Masu rufe miki baki da sunan addini su duba Suratul Hujurat aya ta 11, inda Allah ya hana jifan juna da miyagun sunaye, da Suratun Nisa'i aya ta 19 da ta umarci maza su zauna da matansu da kyautatawa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, zagin mace da iyayenta na cikin cutarwar da alƙali zai iya raba aure a kanta in ta tabbata. Dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015 ma ta sa ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun, a kan cin mutunci da baki, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2018.

Ban ce ki haɗa kayanki gobe ba. Ki daina ramawa, don da shi za a kama ki ranar sulhu. Ki wuce Umma ki je wajen Baba ko kawunki, wanda ya ba da aurenki, ki faɗi kalmomin yadda suke, kada kunya ta sa ki ce "yana ɗan yi mini faɗa". A zauna da babba daga danginsa, kamar yadda aya ta 35 ta Nisa'i ta tsara, maigidanki ya ɗauki alkawari a gaban shaidu. Haka muka yi wa yayata, bakin mijinta ya ragu sosai duk da bai daina gaba ɗaya ba.

Rashin barcin nan da kika ambata kuwa kada ki raina shi. Mun kai yayata asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, likita ya ce ciwon damuwa ne, ta samu sauƙi. Ba sai mai taɓin hankali ke zuwa can ba. In kuma zagin ya fara haɗawa da barazana ko jifa da kaya, ranar ki ɗebi yaranki ki kwana a gidanku.