Re: Gajeriya za ta iya jifa mai sauri a kurket?

Kina tambaya wai ko sai mace doguwa mai jiki ce ke iya jifa da ƙarfi a kurket. A'a wallahi, ba dole ba ne. Dubi Shabnim Ismail ta Afirka ta Kudu, ba wata doguwa ba ce amma a 2024 ta jefa ƙwallon da ta haura kilomita 130 a awa a gasar mata ta Indiya.

Sai dai fa akwai sharaɗi, saurin daga gudu da ƙugu da kafaɗa yake fitowa ba daga hannu kaɗai ba, kuma abin da na lura a wajen tirenin shi ne duk wadda ta tsallake atisayen ƙarfafa cinya da baya ita ce ke fara kukan ciwon baya da gwiwa.