Tambayi Likita: Dokar Shekarun Aure da Jikin Yarinya

Tambaya: Likita, ni malamin firamare ne a Maraɗi. Kullum ana kiran a ɗaga shekarun aure zuwa 18. Ƙasashen da suka yi haka sun ga sauƙin wahalar da 'yan mata ke sha kuwa?

Amsa: Malam, wasu sun gani, wasu kuma dokar ta tsaya a takarda. Habasha ta ɗaga shekarun daga 15 zuwa 18 a shekarar 2000, kuma aurar da ƙananan yara ya ragu a yankunan da suka fara aiki da dokar. A Meziko kuwa, da jihohi suka hana auren yara, auren da ake rajista ya faɗi, amma yaran suka koma zama da maza ba rajista, haihuwa da ƙuruciya ba ta ragu ba. Wannan ne ya fi damuna, domin abin da ke kawo mana yarinya rai a hannun Allah shi ne ciki da naƙuda.

Dubi namu. Najeriya ta yi Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, amma sai kowace jiha ta amince da ita da kanta. Chadi ta sa 18 a 2015. A Nijar doka ta tsaya a 15 ga mace, kuma kusan uku cikin kowaɗanne yara mata huɗu na yin aure kafin 18. Aurenmu a ƙofar gida ko masallaci ake ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da sadaki. Wa ke tambayar takardar haihuwa a wurin? Yawancin yaran karkara ma ba su da ita.

Indiya ta sa 18 tun 1978, amma a 2006 kusan rabin 'yan matanta na aure kafin wannan shekarun. Zuwa 2021 ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, a daidai lokacin da 'yan mata suka yawaita a sakandare. Ina goyon bayan dokar, Malam. Sai dai uban da ba shi da makarantar da zai kai 'yarsa bayan aji shida zai aurar da ita, ko me aka rubuta a Yamai ko Abuja.

Tambaya: 'Yata shekarunta 13, ta fara al'ada. Mahaifinta ya ce ta isa aure. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya. Al'ada na nuna za ta iya ɗaukar ciki, amma ƙashin ƙugu yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan haka, musamman ga yarinyar da ba ta samu isasshen abinci ba. Idan kan jariri ya kasa wucewa, sai ta kwana biyu ko uku tana naƙuda. Kan ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu ya huje. Yoyon fitsari ke nan, kuma sau da yawa jaririn ba ya zuwa da rai. Ga jijjiga, ga ƙarancin jini, duk sun fi kama masu ciki ƙanana.

Ki samu kakarta ko limamin da maigidan ke jin maganarsa, ku yi masa wannan bayanin cikin natsuwa. In ma an riga an ɗaura, a roƙi a jinkirta tarewa ta ci gaba da karatu.

Tambaya: Ƙanwata 'yar 15 tana da ciki wata shida. Mijin ya hana ta awo, wai kada hukuma ta kama shi.

Amsa: 'Yar'uwa, ku kai ta cikin makon nan. Irin wannan tsoron ya faru a jihar Assam ta Indiya a 2023, lokacin da aka kama dubban mutane kan auren yara, masu ciki ƙanana suka riƙa gudun asibiti. Mu aikinmu mu auna hawan jininta, mu ba ta maganin ƙarin jini da rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Idan ta fara ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska, kada a jira gari ya waye. Kuma a asibiti za ta haihu, inda ake iya tiyata.

Tambaya: Yoyon fitsari na warkewa?

Amsa: Ƙwarai, yawanci yana warkewa da aiki. Akwai cibiyar Babbar Ruga a Katsina, da ta Laure a Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi. Idan sabo ne kuma ƙarami, robar fitsari kaɗai na iya haɗe shi, don haka a zo da wuri. Bayan aiki a dakatar da kwanciyar aure har tsawon watannin da likita ya faɗa, haihuwa ta gaba kuma a asibiti.