Furen citta na Malesiya zai yi a Kano kuwa?

Tambaya: Malam barka da aiki, ina karatu a Malesiya, akwai wani jan fure da suke sawa a miyar kifi suna ce masa bunga kantan, wallahi ƙamshinsa ya tafi da ni. In na dawo Kano zan iya shuka shi a gida?

Amsa: Barka dai ɗan'uwa. Wannan tsiron dangin citta ne da gangamau, masana na kiransa Etlingera elatior, asalinsa can ne Malesiya, Indonesiya da Tailan. Sai dai shi ba saiwarsa ake ci ba, ƙunshin furen ake yanka tun bai buɗe ba, in ya buɗe an fi amfani da shi wajen kwalliya.

Gaskiya Kano za ka sha wahala. Tsiron daji ne mai ruwa, yana son laima da inuwa-inuwa, tsayinsa kan kai mita 3 zuwa 6, to ka ga iskar hunturu in ta kaɗa sai ta yayyaga ganyen ta busar da bakinsa, zafin Afrilu kuma ya ƙarasa shi. Da Kafanchan ko Kachiya kake inda ake noman citta da abin ya zo da sauƙi, can ma sai da ban ruwa a rani.

In ka nace, samu lungun da katanga ta tare iska, inda rana ke leƙowa da safe kawai. Ka haƙa rami mai faɗi, ka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin shanu sosai, ka binne guntun saiwa mai toho, kar ka nutsar da shi can ƙasa. Ƙasa ta zauna da danshi kullum amma kar ruwa ya kwanta, saiwar ruɓewa take yi. Rufe gindin da busasshen ganye. Tukunyar fulawa kam manta da ita, ta yi masa kaɗan. Sai haƙuri, yakan ɗauki wajen shekara 2 kafin ya yi fure, kuma furen daga ƙasa yake fitowa da sandarsa daban, ba a kan ganye ba, kar yara su ɗauka ciyawa ce su cire maka.

Kar ka cusa saiwar a jaka ka taho, shigo da tsiro sai da takardar hukumar killace tsirrai, fara tambayar masu sayar da fulawa a Legas tukuna.

Wajen girki ka tsaga ƙunshin biyu ka yanka siri-siri kamar albasa, ka watsa a farfesun kifi dab da saukewa. Tsami-tsaminsa na kashe ƙarni, rabin ƙunshi ma ya ishi tukunya guda.