Amsoshin tambayoyinku: Wane dutse ya dace da aska, kuma yaya ake wasa ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni wanzami ne a Agege. An kawo mini tsarabar aska mai naɗewa, an rubuta Solingen a jikinta. Na wasa ta a dutsen wuƙa mai fuska biyu da ake sayarwa a kasuwa, sai ta koma jan gashi. Wani ya ce in sayi dutse mai lamba 12000. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Solingen gari ne a Jamus da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da asake, kuma in askar ta gaske ce, ƙarfenta ba shi da laifi. Dutsen ne bai dace da ita ba. Lambar dutse tana nuna laushinsa: in ta hau, dutsen ya ƙara laushi, cin ƙarfensa ya ragu. Na kasuwan nan lambarsa ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba, na adda ne da wuƙar mahauta. A bakin aska ƙananan giɓi yake bari, su ne ke kama gashi.

Shi kuwa mai lamba 12000 ba ya fitar da baki, goge wanda aka riga aka fitar yake yi. Sa shi a kan askar da bakinta bai haɗu ba kamar shafa fenti ne a bangon da ba a yi wa yaɓe ba. Fara da mai lamba 1000, a nan ake yin mafi yawan aikin. Sai mai fuska biyu, 4000 da 8000, irin na kamfanin Norton, ko 3000 da 8000 na kamfanin Naniwa, ko duwatsu biyu daban-daban masu waɗannan lambobin na kamfanin Shapton. In aljihu bai kai ba, dutsen King mai 1000 da 6000 ya isa farawa. Ka yi hattara da duwatsun da ba su da sunan kamfani, masu arhar banza a intanet. Sau da yawa lambar da aka buga a kwalinsu ta fi laushinsu na zahiri.

Kafin aska ta taɓa dutse, ka baje fuskarsa, ko da sabo ne dal. Zana layuka a tsaye da a kwance da fensir, shimfiɗa sanfefa mai jure ruwa mai lamba 400 a kan gilashi ko tayil mai santsi, zuba ruwa, ka goga dutsen har zanen ya ɓace gaba ɗaya. Inda fensir ya rage, rami ne. Ka ɗan kashe kaifin gefunan dutsen ma. Na King yana son jiƙo na minti 10 zuwa 15. Na Shapton yayyafa ruwa kawai ya ishe shi.

Ga inda masu wasa wuƙa ke ɓata aska: suna ɗaga bayanta. Ita askar nan an ƙera gadon bayanta da kauri ne don ya zama ma'auni. In ka kwantar da ita, baya da baki duka suna taɓa dutse, kusurwar da ake so, wajen digiri 16 zuwa 17 in an haɗa fuskokin biyu, ta samu da kanta. Tura ta baki a gaba, kana ɗan janyo ta gefe yadda daga gindin baki har tsini kowane wuri zai bi ta kan dutse. In ka kai ƙarshe, mirgina ta a kan gadon bayanta ka dawo. Kada ka taɓa juya ta ta wajen baki. Wasu suna manna baƙin salatif na masu gyaran wuta a gadon bayan don kada ya cinye. Ba laifi, amma in ka fara da shi, da shi za ka gama, kuma a sauya shi in ya goge.

Yaushe za a bar dutsen 1000? Shafa wa bakin tawadar alƙalamin da ake rubutu a kwali da shi, ka yi zuwa da dawowa uku ko huɗu, ka duba a haske. Duk inda tawada ta rage, dutse bai kai wurin ba. In ta goge tas, gwada a gashin hannu: gindi, tsakiya da tsini kowanne ya aske ba tare da dannawa ba. Bai yi ba, kada ka wuce gaba, ko da za ka kwana a nan. Daga nan aiki ya yi sauƙi: zuwa da dawowa kamar 30 zuwa 40 a 4000, kamar 20 a 8000, hannu na ƙara sassautawa har ya zama nauyin askar kaɗai ke kan dutse.

Tambaya: Ina Idi-Araba. Na ajiye askata mako biyu, na tarar da jajayen ɗigo a bakinta. Ƙarfen jabu ne?

Amsa: A'a, Legas ce. Galibin asake masu kyau da ƙarfen da ke tsatsa ake yin su, ga laima, ga iskar teku mai gishiri, balle a damina. Bayan aski ka wanke baki kaɗai, kada ruwa ya shiga wajen ƙusar ƙota, ka goge, ka bar ta a buɗe ta sha iska. Sannan ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Ban da man gyaɗa ko manja, suna yin danƙo. Kada ta kwana a banɗaki ko a kube na fata. Tsatsar da ta ci baki kuwa sai an koma dutsen 1000 an cinye ƙarfe har a wuce ramukan.

Tambaya: In kai wa masu wasa wuƙa da inji mana?

Amsa: Kada ka soma, ɗan'uwa. Bakin aska siriri ne ƙwarai, zafin inji na ɗan lokaci ya isa ya kashe taurinsa, kuma ba zai sake riƙe kaifi ba.

Tambaya: Ni ɗan koyo ne a Mile 12. Yau askata ta yi kaifi, gobe ta ƙi. Me zan ƙara saya?

Amsa: Abu biyu, kuma ba dutse a ciki: fatar goge aska, da aska mai arha ta koyo, irin Gold Dollar ta ƙasar Sin, don kada ka cinye mai tsada. Askar da aka wasa da kyau takan yi watanni ba ta koma dutse ba in ana goga ta a fata sau 40 zuwa 60 kafin kowane aski. A fata, baya ne ke gaba, baki na biye, fatar a miƙe tsaf. In ta yi lanƙwasa ko ka danna, bakin zai dakushe, kuma ina kyautata zaton abin da ke damunka ke nan. In kaifi ya fara ja baya, 'yan zuwa da dawowa goma a 8000 sun isa. Ba kullum ake komawa 1000 ba.

Hannu kuwa yana gyaruwa ne in ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda. Yau ka rage danni, kada ka sauya dutse. Ka lura da yadda ruwa ke hawa kan bakin aska daidai daga gindi zuwa tsini, ka saurari ƙarar. Ƙaramin gilashin ƙara girma na masu gyaran waya zai nuna maka ko zanen da dutsen da ka gama da shi ya bari a bakin aska ya goge.

Tunda kan mutane za ka riƙa taɓawa: ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana bakwai, kuma goga aska a fata ba ya kashe ta. Kara ta a wuta kuma yana lalata ƙarfen. Don askin jama'a, sayi ƙota mai ɗaukar rabin reza, ka ɓare sabuwa a gaban kowane mutum. Askar dutse ka bar wa gemunka.