Me ya sa muke duba launin yashi kafin mu sa bututu?

Ka ce ruwa muke nema, to me ya kawo tsayar da inji don a murza yashin da ramin burtsatse yake fitarwa? Tambayar tana kan hanya, yarona. Miƙo tafin hannunka.

Jan nan da ya shafe maka yatsu tsatsa ce, wadda ta lulluɓe kowace ƙwayar yashi. 'Yar'uwar tsatsar ƙarfe ce, tana riƙe da ruwa a jikinta. Sabuwarta tana da laushi ƙwarai, har giram ɗaya in an baje fuskarsa yakan wuce murabba'in mita 200, kuma duk wurin kamu ne. In ruwa ya kwaso sinadarai masu guba irin su asenik ko dalma ko kadmiyom, sai su maƙale mata kamar ƙarangiya a gefen wando, ruwan ya wuce abinsa. Baƙin shafen manganis, wani ƙarfe da shi ma yake lulluɓe yashi, yana wannan aikin, dalma kam ba ya sakinta da wasa.

Amma fa tsatsar nan ajiya take yi, ba ta kashe guba. Can ƙasa inda iska ta ƙare, ga laka ga ruɓaɓɓen ganye, akwai bakteriya masu narkar da tsatsar nan don su rayu. Yashi ya koma launin toka, duk abin da tsatsar ta riƙe ya zube cikin ruwa. Abin da ya sami Bangaladesh ke nan. Tun shekarun 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyin famfo don gudun kwalara, ruwa garau ba wari, sai a 1993 aka tabbatar da asenik a ciki. Ƙarshenta aka bi famfuna da fenti, ja ga mai guba, kore ga mai kyau. Mahaƙa a can sun gane cewa jan yashi ya fi na toka aminci.

Ruwa mai tsami ma yana sa tsatsar ta saki dalma, fosfet na takin zamani kuma yana ture asenik ya zauna a gurbinsa.

Kada dai ka ɗauka launi ya isa shaida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar asenik a maikirogiram 10 cikin lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), ido ba ya ganin wannan, sai an kai ruwan ɗakin gwaji. In kuma ka wanke matatar ruwa ta yashi, jan taɓon da ya fito kada ka binne shi da shara kusa da rijiya, nan ne zai narke ya koma inda ka tsamo shi.