Gidajen Tarihin Landan: Ina Ake Biya, Ina Ake Shiga Kyauta?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan birnin Landan, daga masu shirin zuwa bikin yaye 'ya'yansu da masu kai iyali hutu. Ga waɗanda wuri ya isa a amsa.

*Tambaya: Ni malamin tarihi ne a Zariya. Zan je bikin kammala karatun ɗana, kuma zan samu kwana huɗu a Landan. Na ga ana tallar wani kati a intanet mai suna London Pass, wai da shi ake shiga wurare da yawa. In saya?*

Malam, dakata tukuna. Tun watan Disamban 2001 manyan gidajen tarihin gwamnati a Birtaniya suka daina karɓar kuɗin shiga. British Museum kyauta ne, haka National Gallery da Natural History Museum da Science Museum da Victoria and Albert Museum, wanda ake taƙaitawa V&A. Waɗannan kaɗai sun isa su cinye kwana huɗunka. Katin da ka gani na wuraren da ake biya ne, kamar Tower of London da cocin Westminster Abbey, kuma ba ya mayar da kuɗinsa sai mutum yana shiga irinsu biyu ko uku a kowace rana. Wanda ke yin haka kuwa tsere yake yi, ba kallo ba.

Ɗauki takarda ka rubuta wuraren biya da zuciyarka ke so da gaske, ka duba farashin kowanne a shafinsa, ka tara, ka gwada da kuɗin katin. Ina kyautata zaton za ka ga ɗaya ko biyu ne kawai. In ni ne, Tower of London zan biya, ko da yake tikitin babban mutum ya haura fam 30. Hasumiyar tsakiyarsa an fara gina ta wajen shekarar 1078, zamanin Sarki William wanda ya ci Ingila da yaƙi, kuma a nan ake ajiye kayan sarautar ƙasar. A jikin sandar sarki akwai lu'ulu'un Cullinan mai nauyin karat 530, wanda aka yanko daga dutsen da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Ka isa da sassafe ka wuce ɗakin kai tsaye kafin layi ya miƙe. Ba a ɗaukar hoto a ciki.

Hattara da shafukan da ke sayar da tikitin "tsallake layi" na gidan da shigarsa kyauta ce. Je shafin gidan da kansa ka karɓi tikitin lokaci, ba ko sisi. Akwatin gudummawa da ke bakin ƙofa na ganin dama ne. Nune-nune na musamman, masu ɗan lokaci, su ne kawai ake biya.

*Tambaya: Yini guda nake da shi, kuma British Museum nake son gani. An ce kayan Najeriya na can. Ta ina zan fara? Ɗaliba daga Kaduna.*

'Yar'uwa, fara da cire rai daga ganin komai. Gidan ya buɗe ƙofa a 1759, yana riƙe da kaya kusan miliyan takwas, abin da aka fito da shi fili kuwa wajen kashi ɗaya ne cikin ɗari. Duk da haka ƙafa ba ta gama shi a yini. Zaɓi ɗakuna uku ki zauna a cikinsu.

Sauka ƙasa zuwa ɗaki na 25, na Afirka, tun idonki bai gaji ba. A can za ki tarar da allunan tagulla na masarautar Benin ta kudancin Najeriya an jera su a jikin ginshiƙai. Yawancinsu an ƙera su a ƙarni na 16 da na 17 don ƙawata fadar Oba, wato sarkin Benin, kuma in kin lura za ki ga fadawa da mayaƙa, har da Turawan Fotugal masu dogon gashi da suka zo ciniki. Sojojin Birtaniya ne suka kwashe su a Fabrairun 1897, lokacin da suka ci birnin, daga baya aka kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba. Gidan yana da kayan Benin sama da 900. Nemi kan Ife ma, wato siffar kan mutum ta tagulla, wanda aka tono a garin Ife a 1938. Dubi zanen fuskarsa da kyau, aikin ya fi ƙarfin hoto.

Za ki tambayi kanki me ya hana a mayar da su. Hujjar gidan ita ce wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa. Wasu kam sun motsa: a 2022 gidan tarihin Horniman, shi ma a Landan yake, ya miƙa wa Najeriya mallakar kaya 72, Jamus kuma ta miƙa mallakar sama da dubu a shekarar. A 2024 British Museum da V&A sun aika kayan sarautar Asante guda 32 zuwa fadar Manhyia a Kumasi ta ƙasar Gana, amma a matsayin aro. A ara wa mai abu abinsa! Ni dai ba na ganin ƙaurace wa gidan zai dawo da ko allo ɗaya. Ki shiga, ki karanta bayanin da suka liƙa, ki lura da kalmomin da suka zaɓa.

Daga nan ɗaki na 4, inda dutsen Rosetta yake. Umarnin sarauta ɗaya ne na shekarar 196 kafin haihuwar Annabi Isa, an rubuta shi da rubutu iri uku, kuma da shi Bafaranshe Champollion ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822. Kullum a cike yake da masu waya a sama, sai kin yi haƙuri. Na uku, ɗakuna 42 da 43 na duniyar Musulunci, waɗanda aka buɗe a 2018. Ran Juma'a gidan kan kai ƙarfe takwas da rabi na dare, kuma ba a shiga da akwati mai taya. In da sauran ƙarfi, British Library, babban ɗakin karatu na ƙasar, tafiyar ƙafa ce ta kamar minti ashirin. Su ke riƙe da Alƙur'anin Sarki Baybars, mujalladi bakwai da aka rubuta da ruwan zinariya a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306. Suna sauya abin da suke nunawa, don haka duba shafinsu kafin ki taka.

*Tambaya: Ina da bizar Schengen, zan je Paris sarin kaya. Zan iya leƙa Landan da ita? Ɗan kasuwa daga Maraɗi.*

A'a, Alhaji. Birtaniya ba ta cikin Schengen. Jirgin ƙasa na Eurostar kan kai mutum cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma tun a tashar Paris ake duba takardu. Sai ka nemi bizar Birtaniya daban tun kana gida.

*Tambaya: Zan je da yara uku, babban shekararsa goma. Wane gida ya dace da su, kuma yaya zan yi da salla da abinci? Wata uwa daga Kano.*

Hajiya, unguwar South Kensington za ku nufa, inda gidaje uku suke a titi ɗaya. Da shigarku Natural History Museum za ku ga ƙasusuwan wani kifin wel mai tsawon mita 25 a rataye sama da kanku, sannan ga sashen dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan'adam. Science Museum na maƙwabtaka, da kumbon Apollo 10 da ya zagaya wata a 1969. Ki bar V&A don kanki: akwai dardumar Ardabil ta Iran, wadda aka gama saƙawa wajen 1540, tsawonta ya haura mita goma. Minti goma kawai ake haska ta duk bayan rabin awa, don kada haske ya kashe launinta.

Gida ɗaya a yini ya ishi yara. In za ku British Museum, ki sani akwai gawawwakin Misirawa na gaske a ɗakuna 62 da 63, da mutum-mutumin Girkawa marasa sutura. Taswirar gidan za ta nuna miki inda za ki kauce in kin ga dama.

Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biyan kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa in suna tare da babba mai tikiti. Bas-bas ba sa karɓar tsabar kuɗi, katin bankin naira kuma ba abin dogaro ba ne a waje, saboda haka ki sayi katin Oyster a tasha ki zuba masa kuɗi. Abincin cikin gidajen yana da tsada. Ki yo guzuri daga masauki. Game da salla, tambayi ma'aikaci ko akwai ɗakin ibada, da yawa suna da shi. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, wato Azahar da La'asar da Magariba duk za su same ku a ciki. In da hali, ku guji ƙarshen Yuli zuwa Agusta, lokacin hutun makarantun can.

*Tambaya: Tsarabar shagunan gidajen ta cancanci kuɗinta?*

Littattafansu da katunan hoto sun cancanta, domin ba a cika samunsu a wani wuri ba. Kofi da maƙallin makulli da riga mai tambari kuwa sunan gidan kake biya. Kada ka yi lissafi da cewa za a mayar maka da harajin kaya a filin jirgi, Birtaniya ta soke wannan ga baƙi tun Janairun 2021. Littafi kuma nauyi gare shi, auna jakarka kafin ka ɗauki na uku.